Kasonka Yana Nan a Ajiye

Ɗana, 'yata, hunturu ya shigo. Hazo ya sauko, an gama yankan dawa, rumbuna sun cika gwargwadon abin da Allah ya ba kowa, yara kuma sun fara sintiri a shagon tela suna tambaya ko an gama ɗinkinsu. A irin wannan lokaci, in ka je tashar Kawo a Kaduna, ko Unguwa Uku a Kano, ko ka leƙa Mararraba a bakin Abuja, za ka tarar da buhunan shinkafa da jarkokin mai da kaji a ɗaure, kowa ya fuskanci gida. Wannan Kafanchan ya nufa, wancan Langtang, wata Biliri, wani Numan ko Malumfashi. Na ga Kirsimeti 68 a duniya, na kuma yi shekara 35 ina koyarwa a firamare, don haka yaran da suka bi ta hannuna suna da yawa, na ga yadda suka girma suka watsu. Abin da zan faɗa muku a gabana ya faru, wani ma a cikin gidanmu.

Tun ina yarinya ake yin watanda a unguwarmu. Magidanta sukan fara haɗa kuɗi tun watan Satumba, a sayi sa, a yanka ranar jajibere, a kasa naman kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki nasa. Innarmu takan ware kason kowane ɗanta da ke nesa, ta soya shi har ya bushe, ta zuba a kwalla ta rufe. Wanda ya iso ranar 24 ya ci nasa da zafi, wanda ya makara har sabuwar shekara ya tarar da nasa yana jiransa. Sai ƙanena ya samu aiki a Legas. Shekarar farko ya ce hanya ta yi nisa. Ta biyu ya ce ba a ba shi hutu ba. Ta uku ya ce yana so ya tara abin kirki tukuna, don kada ya zo hannu rabbana. Kuɗi kam bai taɓa fashin aikowa ba. Ita kuma Inna ba ta taɓa fashin soya kasonsa ba, takan ajiye har sai ya kusa lalacewa, sannan ta raba wa jikoki. A damina ta shekara ta biyar Allah ya yi mata rasuwa. Ya zo jana'iza da mota cike da irin kayan da ya yi shekara biyar yana burin kawo mata. Yau shi ma ya yi furfura, Kirsimeti ba ta wuce shi a gida, amma har yanzu in aka zo rabon nama yakan tashi ya fita waje.

Saboda haka abu na farko da nake roƙonku shi ne ku zo. Zumunta a ƙafa take. A zamaninku kuɗi na shiga asusun tsohuwa kafin ka ajiye waya, wannan kuwa alheri ne, ku ci gaba da yi. Sai dai kuɗin ba ya durƙusawa ya gaishe ta, ba ya kuma lura cewa ƙafarta ta kumbura ko idon Baba ya fara hazo. Na san kuɗin mota ya yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, na san albashi ba ya kai ƙarshen wata. Dalilin ke nan da ya sa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara ware ɗan abu tun Satumba, ko ya shiga adashi da abokan aikinsa, Disamba ba za ta zo masa ba zato ba. Wanda kuma aikinsa ya riƙe shi, kamar ma'aikaciyar jinya da soja da ɗan sanda da direba, ba shi da laifi. Ya kira da safe a ji muryarsa, ya faɗi ranar da zai zo a Janairu ko Ista, ya kuma cika alkawarin. Abin da ke ci wa iyaye rai shi ne “sai baɗi” da ba ta da rana.

In kun tashi tafiya, ku yi sammako ku isa da rana. Kada ku matsa wa direba ya yi gudu, kada kuma ku yi shiru in kun ga yana tsere da ransa da naku. Sannu ba ta hana zuwa. Na taɓa zaman makoki ranar Kirsimeti da shinkafar biki a kan wuta, ba na fatan kowace uwa ta ga irin wannan rana.

Abu na biyu, ku zo da abin da kuke da shi, a yadda kuke. Kakanninmu sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, Kirsimeti ma haka take yi. Na ga saurayi ya ɗauki hayar mota ta kwana huɗu don a ce ya iso, ya raba sababbin takardun kuɗi a dandali, aka yi masa guɗa. Da Janairu ta kama, masu ba da bashi ta waya suka bi lambobin da ke cikin wayarsa ɗaya bayan ɗaya suna aika saƙon cin mutunci, har da lambar faston garinsu da ta surukarsa. Kunyar da ya guda ita ce ta iske shi ninki biyu. Ku tuna cewa bayan biki akwai kuɗin makarantar yara, da haya, da takin da Baba zai nema kafin ruwa ya sauka. Daidai ruwa daidai tsaki. Turmin atamfa ɗaya ga Inna, sabulu da man shafawa na hunturu ga kaka, alewa ga yara, sun isa a yi murna. Akwai kuma ɓarnar da mai fariya ba ya gani: ƙanensa da ke aji shida na sakandare yana kallonsa, yana ɗauka birni wurin tsintar kuɗi ne, sai ya raina gona da karatu ya bi hanya.

Ku koma ga labarin da muke biki dominsa. Luka ya faɗa mana cewa Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, shi ya sa Yusufu ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, garin kakansa Dawuda. Ashe Kirsimeti ta farko ma tafiyar komawa gida ce. Sun isa ba su samu wuri a masauki ba, aka haifi Mai Ceto aka kwantar da shi a komin dabbobi, waɗanda suka fara zuwa barka kuwa makiyaya ne daga daji. Da lokacin kai shi Haikali ya yi, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da ƙarfin ɗan rago. Ubangiji da kansa ya zaɓi ya shigo duniya ta gidan da bai iya sayen rago ba. Don me kai za ka ji kunyar shiga gidan ubanka da leda ɗaya a hannu?

Abu na uku, in kun iso, ku iso gaba ɗaya. Nakan ga yaro ya yi tafiyar awa goma, ya gaisa a tsaitsaye, ya nemi inda sabis ya fi ƙarfi a bayan rumbu, ya zauna nan har dare. Gangar jikinsa ce kawai ta zo. Ajiye wayar nan, ɗana. Bi gida-gida ka gaida baffanni da kawunnai da goggonni, ka durƙusa yadda aka koya maka, ka yi gaisuwar waɗanda aka rasa a bayanka, ka yi barkar waɗanda aka haifa. Da dare, in an hura wuta a tsakar gida ana jin ɗumi, ka matsa kusa da kaka ka tambaye ta. Wane ne kakan kakanmu? Daga ina muka taso? Me ya haɗa mu da mutanen gidan can da muke wasa da su? Wa ya fara karɓar Bishara a zuriyarmu, me kuma ya same shi a kan haka? A nan wayar za ta yi amfani: ka ɗauki muryarta, ka rubuta sunayen.

Bangaskiyar da kuka tarar a gida da ƙafa ta iso, wasu kuma suka sha wuya a kanta. A Wase masu mishan suka kafa zango a 1904, a Numan 1913, a Garkida kuma a gindin tsamiya aka yi sujada ta farko a 1923. Majami'ar Wusasa da aka gina da ƙasa a 1929 tana nan tsaye har yau, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller ya ba da shekarunsa a kai tare da abokan aikinsa. Waɗannan an rubuta su, ba za su ɓace ba. Amma labarin kakanku da ya yi tafiyar yini a ƙasa don ya koyi karatu, ko kakarku da aka daina cin abincin hannunta saboda ta shiga aji na baftisma, yana cikin kan tsohuwa ɗaya ce kawai, ita kuwa kullum gaba take yi. Matiyu bai fara Bishararsa da mala'iku ba, da jerin kakanni ya fara, tsara 42 daga Ibrahim zuwa Almasihu. A cikin jerin akwai Rut baƙuwa daga Mowab, akwai Rahab ta Yariko, akwai Dawuda da babban laifinsa. Ba a goge sunayensu ba. In ka tono tarihin gidanku ka tarar da abin da bai yi daɗin ji ba, kada ka yi mamaki, kada kuma ka ƙi su. Ta irin waɗannan gidaje Allah yake aikinsa.

Ku kuma kawo yaranku, ku sake su cikin 'yan'uwansu. Na ga jika da kaka sun zauna a tabarma ɗaya suna ta murmushi, an rasa mai yi musu tafinta, don yaron Turanci kaɗai yake ji. Kwana biyar na wasa da 'ya'yan baffa yakan sa wa yaro kalmomin da shekara guda a birni ba ta ba shi ba, ko Hausa ce ko Tangale ko Tarok ko Bajju.

Abu na huɗu, ku dubi bakin murhu. Akwai matan da suka yi shekaru ba su ji wa'azin Kirsimeti ba. Tun asuba suna kan tukunya, ga cincin, ga miya, ga zoɓo da kunu, ga wanke-wanke, har baƙi su watse. Galibi matan 'yan'uwanku ne da ke zaune a gida, su suka yi noman, su suka yi jinyar tsofaffi duk shekara, sai kuma mutanen birni su zo su zauna a kujera a kawo musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yata, ki ɗaura zane ki shiga madafa, ki ce wa matar yayanki ta je sujada yau, ke za ki kula da wuta. Ɗana, ɗebo ruwa, faskara itace, kama akuya a yi fiɗa da kai, girmanka ba zai ragu ba. In kuma ka zo da amarya, musamman wadda ba yarenku ɗaya ba, kada ka sake ta a tsakiyar dangi ka tafi yawon abokai. Ka gabatar da ita, ka faɗa mata wa ake durƙusa wa, me ake kiran kowa. Yadda ta ji a zuwan farko shi zai sa ta riƙa ɗokin zuwa ko ta riƙa neman dalili.

Abu na biyar, ku zo da haƙuri, don za a taɓa ku. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Goggo za ta tambaya a gaban jama'a, “Yaushe za mu sha biki?” Wata za ta kalli cikin amarya ta ce, “Har yanzu shiru?” Kawu zai tambayi aiki alhali ya san ana nema. Na san waɗannan tambayoyi suna da zafi, mu manya ma muna da gyara a nan, ina kuma faɗa wa tsararrakina haka a taron Zumuntar Mata. Amma na ga yarinya ta daina zuwa gida shekara shida saboda tambaya ɗaya, ta hukunta gida guda a kan bakin mutum ɗaya. Ki ce, “Goggo, ki sa ni a addu'a,” ki ci gaba da harkarki. Yawancin masu tambayar ƙauna ce ta yi musu yawa, dabarar faɗa ta yi musu kaɗan. Kai kuma da Allah ya buɗa wa, ka kula da bakinka a gaban ɗan baffanka da ya tsaya a gona. Magana zarar bunu ce. Dawar da ka ci tuwonta jiya shi ya noma ta.

Maganar gado da iyakar gona kuwa, kada a buɗe ta a kan kwanon abinci ranar biki, ballantana in wasu sun ɗan sha. A sa mata rana bayan Kirsimeti, da safe, a gaban dattawa. In kuma akwai tsohuwar gaba a gidanku, ku sani ba dole ne ku gaje ta ba. A danginmu an yi wa da ƙane da suka shekara 11 ba sa gaisawa saboda wata 'yar fadama. 'Ya'yansu suka taso suna wuce juna a hanyar majami'a, ba su ma san asalin faɗan ba. Wata Kirsimeti, ɗiyar ƙanen, tana ajin farko a jami'a, ta zuba shinkafa da nama a kwano ta rufe, ta kai gidan baffanta, ta durƙusa ta ce ta kawo masa abincin biki. Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Da yamma kwanon ya dawo cike da gyaɗa. A shekara ta gaba shi da kansa ya tako ya zo. Almasihu ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da damuwa da shi, ya fara zuwa su shirya kafin ya miƙa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sau da yawa manya sun gaji da gabar, girman kai ne kawai ya hana su fara takawa, suna jiran yaron da zai buɗe musu ƙofa.

Kwanon nan kuma kada ya tsaya a gidajen Kirista kaɗai. Rabin danginmu Musulmi ne, haka gidaje da yawa suke daga Zariya har Gombe da Adamawa. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu Musulmi ake kira ya yanka san watanda, don kowa ya ci hankali kwance. Mukan aika musu abinci ranar 25, su zo mana barka ranar 26, in Babbar Sallah ta zo kuma cinyar rago ta iso gidanmu. Suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sura ta 19 a Alƙur'ani ma sunan Maryam take ɗauke da shi. Mun bambanta a kan ko wane ne Yesu, babu mai ɓoye wannan, kowa kuma ya riƙe nasa da gaske. Amma bakin tabarmar biki wurin gaisuwa ne, muhawara tana da nata wurin. Ban manta da Madalla ba, inda bam ya tashi a cocin Katolika ranar Kirsimeti ta 2011, ban kuma manta da ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka afka wa a jajiberen Kirsimeti ta 2023 ba. Raunukan nan na gaske ne. Saboda su ne ma nake cewa kada ku bari kwanon ya daina tsallaka titi, domin ranar da maƙwabta suka daina cin abincin juna, ranar ce mai son raba su ya samu hanya.

Ku tuna kuma da waɗanda ba su da gidan komawa. Akwai gwauruwar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ita kaɗai, akwai marayu, akwai waɗanda rikici ya kora daga ƙauyensu suna raɓe a garinku, akwai mai bautar ƙasa da kuɗin mota ya gagara. Ku ƙara ruwa a miya ku kira su, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu da muke tunawa da Ɗan da aka rasa masa masauki, bai dace a rasa wurin baƙo a gidanmu ba.

Na bar maganar sujada a ƙarshe don ita ce maɗaurin tsintsiyar. Na ga samari sun yi tafiya mai nisa don Kirsimeti, suka kwana a wurin shaye-shaye daren 24, suka yi barci har aka tashi daga majami'a, wasu kuma babur ya kayar da su a hanyar dawowa, aka ƙare biki a asibiti. Ku yi murna, ku yi rawa, ku sa sababbin kaya, babu laifi a ciki. Sai dai ku ba Mai bikin wuri na fari. Ku tashi addu'ar asuba tare da gida. Ku raka iyayenku majami'a ku zauna inda za su gan ku, don ba ku san irin daɗin da uwa ke ji ba in ta waiga ta ga 'ya'yanta a jere. In idon kaka ya daina ganin rubutu, ka buɗe Luka sura 2 ka karanta mata da Hausa a hankali, za ka ji tana ƙarasa maka ayoyin da ka. Kafin ku koma, ku durƙusa a gaban tsofaffin nan su ɗora muku hannu su sa muku albarka. Duk abin da za a cusa muku a bayan mota, doya ko gyaɗa ko daddawa, ba zai kai wannan guzuri daɗewa ba.

'Ya'yana, wata rana za ku waiga ku tarar babu sauran babba a gidan sai ku. A ranar, 'ya'yanku za su yi muku abin da suka ga kuna yi. In sun saba ganin ana ɗaure kaya kowace Disamba ana tafiya gaida kaka, su ma za su ɗaure su zo. Yanzu kwallar Inna tana hannuna, ni nake soya kason waɗanda ke nesa, ni nake fita ƙofar gida in na ji ƙarar mota. Na kuma san ba ni kaɗai ba ce. A wani gida, a wani gari, akwai tsohuwar da ta riga ta ƙidaya ku a cikin masu cin naman bana. Kasonka yana nan a ajiye, ɗana. Naki ma yana nan, 'yata. Allah ya kawo ku lafiya, ya mayar da ku lafiya, ya sa mu ga ta baɗi da rai. Barka da Kirsimeti.